Lakca, Shagali Da Wikend: Ɗalibi, Ina Awanninka 168 Suke Tafiya?

Duk wanda ke leƙa TikTok ko Instagram a 'yan shekarun nan zai ɗauka babu abin da ake yi a manyan makarantunmu sai biki. Yau ranar al'adu, gobe gasar ƙwallo tsakanin tsangayoyi, jibi 'yan ajin ƙarshe sun fito da fararen riguna suna yi wa juna rubutu a jiki. Amma da zarar sakamako ya fito, sai shafukan su yi tsit. Babu mai ɗora bidiyon ranar da ya buɗe shafin makaranta ya tarar da kari-oba uku suna jiran sa.

In aka zo neman mai laifi, iyaye su ce yaran yanzu sharholiya ta yi musu yawa. Ɗalibai kuma su ce malamai ne ba su da tausayi, ga ƙasa ta yi zafi. Kowane ɓangare yana da tasa gaskiyar. Sai dai akwai abin da ake yawan tsallakewa a wannan muhawara: makon ɗalibin yau ya tsuke, ba kamar na yayyensa ba. Kalandar karatu ta matse, kuɗin mota ya cinye wani kaso na ranarsa, wuta ba ta tsayawa, ga waya a hannu tana yagar nata rabon. Wanda ya shigo da tsohon salo, wato a sha shagali sai jarabawa ta matso a kwana ana karatu, shi ne yake faɗawa rami. In kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Zangon karatu ya koma gudun fanfalaki

Mu fara da kalanda. A 2020 ƙungiyar ASUU ta shafe kusan wata tara tana yajin aiki, ga kullen korona a kai. A 2022 ta sake tafiya daga 14 ga Fabrairu har zuwa 14 ga Oktoba, wata takwas cif. Da aka dawo, jami'o'in gwamnati sun tarar da ɗaliban da JAMB ta tara musu sun yi layi a bakin ƙofa. Wasu suka haɗe shekarun karatu biyu, wasu suka soke ɗaya, da yawa suka rage hutu suka matse zango domin su cim ma lokaci.

A ƙa'ida, zango guda yana da kimanin mako 15 na koyarwa kafin jarabawa. To cire makonnin farko da ake ta fama da rajista da neman ɗaki, ka cire hutun Sallah ko na Kirsimeti in ya faɗo ciki, ka cire ranakun da malami ya yi tafiya. Abin da ya rage shi ne ainihin zangonka. Shi ya sa za ka ji an saka lakca ranar Asabar, ko wakilin aji ya turo saƙo a guruf ƙarfe goma na dare cewa gobe akwai tes ƙarfe takwas. Ɗalibin da ya ce “bari dai a ɗan nutsa tukuna”, kafin ya nutsa an kafe jadawalin jarabawa.

Yanzu kuɗi lokaci yake ci

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce naira 1,000 a wurare da dama. A shekarar 2023 ɗin ne kuma jami'o'in tarayya da yawa suka ƙara kuɗin rajista. Lamarin ya kai ga gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 domin biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Jami'ar Bayero kuɗin makaranta.

Ina ruwan wannan da maganar lokaci? Ruwa da tsaki. Ɗalibin da ke zaune a Hotoro ko Kurna yana karatu a sabuwar jami'ar BUK da ke kan titin Gwarzo, in ba shi da kuɗin Adaidaita Sahu na kai-tsaye, sai ya yi ta canjin abin hawa, ko ya taka wani wurin da ƙafa. Haka wanda ke fitowa daga cikin garin Sakkwato zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ko mai zirga-zirga tsakanin birnin Zariya da Samaru. Awa biyu a hanya kullum ba abin mamaki ba ne. Kuɗin da babu, da lokaci ake biyan sa.

Sannan ga neman na kai. Ɗalibai da yawa yanzu suna da sana'a a gefe: wannan yana POS, wancan yana sayar da data, wata tana turaren wuta da atamfa ta WhatsApp, wata tana yin cincin da zoɓo tana kaiwa hostel. Abin a yaba ne ƙwarai. Amma sana'a ma tana da nata jadawalin, kuma kwastoma bai san kana da tes ba.

Gwamnati ta kawo bashin karatu na NELFUND, wanda aka sanya wa dokarsa hannu a Afrilun 2024, aka buɗe shafin nema a watan Mayu. Yana biyan kuɗin makaranta, yana kuma ba da naira 20,000 a wata na kashewa, babu kuɗin ruwa. Ya taimaki mutane da yawa. Sai dai ka riƙe abu biyu. Na farko, 20,000 in ka raba ta kwana 30, ba ta kai naira 700 a rana ba. Na biyu, bashi ne. Shekara biyu bayan kammala bautar ƙasa za a fara cire kashi 10 cikin 100 na abin da kake samu. Ke nan duk lakcar da ka ƙi shiga, kuɗin da za ka biya nan gaba ne ka zubar.

Ga kuma batun wuta. Tun da aka ƙara wa masu layin Band A farashi a Afrilun 2024 zuwa naira 225 kan kowane yunit, manyan jami'o'i suke kuka da kuɗin lantarki, wasu har suka koma ba da wutar a ƙididdige. Ɗalibin da ya saba jiran dare ya yi karatu, yanzu yana iya zuwa aji ya tarar da duhu, ya ƙare da fitilar waya, wayar kuma ga saƙonni suna ta shigowa.

Lissafin da ba a yi wa sabon ɗalibi

Yanzu ɗauko biro mu yi lissafi, don a nan maganar take.

Mako guda awa 168 ne, kai da shugaban jami'a duk ɗaya. Mu ɗauka kana barcin awa bakwai kullum, 49 ke nan, saura 119. Yawancin ɗalibai suna ɗaukar yunit tsakanin 15 zuwa 24 a zango, mu ce awa 20 a aji, saura 99. Hanya ta ci awa 10, saura 89. Ibada, girki, cin abinci, wanka da wanki mu ba su awa uku a rana, 21 ke nan, saura 68. In kana sana'a, cire 15, saura 53.

Awa 53 ba ta kowa ba ce sai taka. Ta ninka lokacin da kake yi a aji har da ɗori. To ina take tafiya?

Lissafi na biyu ya fi wannan zafi. A tsarin maki biyar da mafi yawan jami'o'inmu ke bi, A maki 5 ce, B 4, C 3, a haka har zuwa F da ba ta da ko ɗaya. Digiri mai daraja ta ɗaya yana farawa daga CGPA 4.50, wanda ake kira 2:1 daga 3.50, sai 2:2 daga 2.40. A ce ka shigo aji ɗaya ka sha iskar 'yanci, ka ƙare shekara da 2.0. In kwas ɗinka na shekara huɗu ne kuma nauyin shekarun ɗaya ne, kafin ka fita da 3.50 sai ka ci 4.0 a kowace shekara cikin ukun da suka rage. Wato B a kowane darasi, shekara uku a jere, babu tuntuɓe ko sau ɗaya. Shekarar da aka fi yin wasa da ita, ita ce ta fi wuyar gyarawa.

Kari-oba kuwa ba maki kaɗai take ci ba. Tana zuwa ta zauna a kan jadawalin shekara mai zuwa, ta yi karo da wata lakcar, wani lokacin ta ja maka ƙarin shekara. Ƙarin shekara na nufin sabon kuɗin rajista, sabon kuɗin ɗaki. Kuma wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa NYSC ke ba shi, ba ya zuwa bautar ƙasa, alhali alawus ɗin yanzu naira 77,000 ne a wata. Bankuna da kamfanoni da dama kuma suna saka iyakar shekaru da kuma 2:1 a tallan ɗaukar sababbin ma'aikata. Yajin aiki ya riga ya ci wa mutane shekaru ba da laifinsu ba. Kar ka ƙara da hannunka.

Ba duk shagali ne ɓata lokaci ba

Kar ka ɗauka cewa nake ka zama ɗan laburare wanda ko sunan maƙwabcin ɗakinsa bai sani ba. Wanda ya shiga jami'a ya fita bai taɓa tsayawa gaban mutane ya yi magana ba, bai taɓa shirya taro ba, bai san kowa ba sai 'yan garinsu, shi ma ya yi asara, ko da kuwa takardarsa ta yi kyau.

Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, ba da Laburaren Kashim Ibrahim kaɗai ta yi suna ba. Ta yi suna da dandalin wasan kwaikwayonta, da sashen zane-zanenta, da siyasar ɗalibai da ta fitar da mutanen da suka riƙe ƙasar nan. Ƙungiyoyin muhawara, ƙungiyoyin ɗaliban Hausa masu shirya Makon Hausa, MSSN da FCS, ƙungiyoyin jiha da na sashe, wasannin NUGA, duk makarantu ne a cikin makaranta. Sakataren ƙungiyar sashe yana koyon rubuta wasiƙa, da bin ofis-ofis, da haƙuri da mutane. Mai ajiyar kuɗi yana koyon riƙon amana. Ranar intabiyu waɗannan abubuwan suna magana.

Ga ma'aunin da za ka riƙa amfani da shi. Shagali mai kyau yana da lokacin farawa da na tashi, kuma kana fitowa daga cikinsa da wani abu: hutun ƙwaƙwalwa, sabon aboki, motsa jiki, ko wata ƙwarewa. Wasan Firimiya ranar Asabar minti 90 ne, da hutun rabin lokaci bai kai awa biyu ba. Babu wanda awa biyu ta kayar. Abin da ke kayar da mutum shi ne zaman musu na awa uku bayan an tashi, kan ko Arsenal za ta ɗauki kofi, sannan a zarce teburin mai shayi har sha biyun dare, sannan Talata da Laraba a dawo wa Gasar Zakarun Turai alhali Alhamis akwai tes.

Akwai kuma wanda ya fi wannan haɗari, wato lokacin da kallon ƙwallo ya rikiɗe ya zama caca. A Oktoban 2024 Hisbah ta rufe shagunan cacar ƙwallo a Kano, amma kowa ya san shagon ya koma cikin waya. Ɗalibin da ya zuba kuɗin abincinsa a tikiti, ba zai iya karatu a daren nan ba, ya ci ko an cinye shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Ɓarawon da ke cikin aljihu

Gaskiyar magana, ranar al'adu sau ɗaya ake yin ta a shekara. Dina ta 'yan ajin ƙarshe sau ɗaya ce a rayuwa. Waɗannan ba su ne ke cinye awa 53 ɗin nan ba. Mai cinye ta yana cikin aljihunka, kuma da shi kake karanta wannan rubutun.

Shiga saitin wayarka yanzu. In Android ce nemi Digital Wellbeing, in iPhone ce Screen Time. Za ta nuna maka awa nawa ka yi jiya da kuma inda ka yi su. In ka ga awa huɗu a rana, to 28 ke nan a mako, ta fi duk lakcocinka a haɗe. An gina manhajojin nan ne yadda ba su da ƙarshe. Fim yana ƙarewa, wasan ƙwallo alƙali yana hura tashi, amma bidiyoyin TikTok ba sa ƙarewa.

Ka tuna 2024, lokacin da aka yi ta dannar fuskar waya ana mayinin ɗin Hamster Kombat? A aji, a masallaci bayan sallama, a layin abinci, kowa yatsa na aiki. Da aka fashe a watan Satumba, mutane da yawa abin da suka samu bai kai kuɗin datar da suka ƙona ba. Watannin da suka tafi kuwa babu mai dawo da su. Ga shi tun Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara har kashi 50 cikin 100 a farashi. Ke nan yanzu kana biyan kuɗi mai tsada ne domin a ɗauke maka lokaci.

Wayar nan dai ita ce ke ɗauke da handawut ɗinka, da guruf ɗin aji, da bidiyon YouTube da zai fahimtar da kai abin da ya shige maka duhu a lakca. Jefar da ita ba mafita ba ce. Amma lokacin karatu, sauke abin da kake buƙata, ka kashe data, ka kifa ta.

Wikend ne filin daga

Daga la'asar ɗin Juma'a, ƙarfe huɗu, zuwa goman daren Lahadi awa 54 ce. Cire barcin dare biyu, saura 40. Litinin zuwa Juma'a jadawalin makaranta ke juya ka. Waɗannan 40 ɗin kuwa kai ke juya su. Ɗalibai biyu za su zauna a benci ɗaya, su ji lakca ɗaya, amma sakamakonsu ya bambanta kamar sama da ƙasa. Sau da yawa in ka bincika, a wikend aka rabu.

Ke kuma 'yar'uwa, na san naki lissafin daban ne. In a gida kike zaune, Asabar ranar wanki ce da shara da girki, wataƙila da Islamiyya. In kina da aure, ga miji ga yara. Sannan ga biki: kamu ranar Alhamis, wuni Juma'a, ɗaurin aure da dina Asabar, kai amarya Lahadi, ga kuɗin anko da na kwalliya. In ƙawaye uku suka yi aure a zango guda, wikend uku sun tafi, kuma zangon duka nawa yake? Zumunci wajibi ne, amma ba dole sai kin halarci kowane zama ba. Zaɓi guda ɗaya ki je da zuciya ɗaya, ki ba amarya haƙuri kan sauran. Ƙawar kirki za ta fahimta. Kuma ki zauna da Umma ki nuna mata jadawalinki. Iyaye da yawa ba su san nauyin da ke kan 'ya'yansu ba ne kawai, in suka gani a rubuce sukan sassauta.

Samari masu tafiya gida duk Juma'a, ku ma ku yi lissafi. Kuɗin mota zuwa da dawowa, da gajiyar hanya, da lakcar safiyar Litinin da ake yawan rasawa. Sau ɗaya a wata bai wadatar ba?

To yaya za a yi?

Ba a fafe gora ranar tafiya. Karatun kwana da ake kira TDB yana sa mutum ya ji kamar ya yi aiki, amma tun 1885 masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus, ya nuna cewa abin da aka koya yana saurin zubewa in ba a waiwaye shi ba, kuma bitar da aka rarraba a kwanaki ta fi wadda aka cusa a zama ɗaya. Barci kuma shi ke taimaka wa ƙwaƙwalwa ta adana abin da ta ɗauka. Wanda ya kwana ido biyu ya shiga ɗakin jarabawa, ya yi wa kansa ƙafar ungulu.

Abin da ya fi sauƙi shi ne ka ware wa karatu safiyar Asabar, daga bayan asuba zuwa sha ɗaya ko sha biyu. Lokacin gari da sanyi, ba ka buƙatar wutar NEPA, abokan hira duk suna barci. Bi abin da aka koyar a makon, darasi bayan darasi. Ranar Lahadi ka ƙara awa uku na jinga da tambayoyin shekarun baya, zai fi kyau tare da mutum biyu ko uku masu niyya irin taka. Awa takwas ke nan cikin 40. Sauran 32 naka ne: je ka kallon ƙwallo, je ki biki, a yi wanki, a ziyarci 'yan'uwa, babu fargaba a zuci.

Kar ka raina makin tes da jinga. A yawancin makarantu suna ɗaukar kashi 30 zuwa 40 cikin 100. Wanda ya tara 28 cikin 40 kafin jarabawa, da ƙafar dama ya shiga. Haka halartar aji: jami'o'i da yawa suna da dokar sai ka halarci kashi 75 cikin 100 kafin ka zauna jarabawa, kuma ranar da malami zai tuna da dokar ba ya sanarwa.

Ƙungiya kuma, ɗaya ta isa, ko biyu in ka ga za ka iya. Ba a tauna taura biyu, balle biyar. Mai son takarar shugabancin ɗalibai ya fara duba CGPA ɗinsa kafin ya buga fosta.

Hukumomin makarantu su ma akwai nasu. A fitar da kalanda a kuma tsaya a kanta. A daina saka tes ta saƙon dare. A sa sola a ɗakunan karatu ko da guda biyu ne a kowace tsangaya, a ƙara motocin ɗalibai masu rahusa. Kuma maimakon a yi ta soke bukukuwan ɗalibai duk lokacin da wani bidiyo ya tayar da ƙura, a ware musu mako guda sananne a cikin kalanda, da ƙa'idoji a fili, nesa da lokacin jarabawa. Matashin da aka hana shi nishaɗi a cikin makaranta zai nemo shi a waje, inda babu mai sa ido.

Amma kafin su gyara nasu, kai ne za ka shiga ɗakin jarabawa, kuma sunanka ne a kan takardar. Akwai mahaifin da ya sayar da buhun masara, akwai uwar da ta ci adashi ta miƙa kuɗin dungurungum domin a yi maka rajista. Yau da dare, kafin ka kwanta, duba awannin da wayarka ta ce ka yi a makon nan, ka rubuta adadin a bayan littafinka. Asabar mai zuwa ka sake dubawa. Sai ka faɗa mana a ƙasa: nawa ka samu, kuma nawa ka iya ƙwatowa?